Takardar Da Ba Sa Hannu

Akwai wanda ya sa ƙafa ya taɗe matar nan daidai lokacin da ta kai bakin ƙofa. Ba abokin hamayyarta ba ne a wurin aiki, ba lauyan da ta taɓa tsawata wa ba, ba ɓarawon da ta taɓa ɗaurewa ba. Mutumin a gidanta yake kwana, ita ke goge masa riga, kuma ranar da ta dawo da mummunan labari shi ya fara ɗaga hannu sama yana neman Allah Ya saka mata. Ya san kansa!

Abin ya faro ne wata Asabar da hantsi, a falon Hajiya. Dokta ya je gaishe da mahaifiyarsa kamar yadda ya saba. Ba likita ba ne, shagon magani gare shi a bakin titi, unguwa ce ta laƙaba masa Dokta har sunan ya bi shi. Matarsa kuwa alƙaliya ce a babbar kotu, shekara goma sha ɗaya tana alƙalanci, tun daga ƙaramar kotu. Shekararsu goma sha shida da aure, 'ya'ya uku, babbarsu Ummi. Aure ne na so. Shi ya riƙa kai ta jarrabawar lauya a kan babur tana da tsohon ciki, shi ya fara kiranta Milod, yadda lauyoyi ke kiran alƙali, tun ba ta da ko baƙar riga.

A makon nan aka kafe sunaye bakwai na waɗanda ake son a zaɓi biyu a cikinsu su hau kotun ɗaukaka ƙara. Maza shida, sai ita. Kotun kuwa tun da aka gina ta mace ba ta taɓa zama a kan bencinta na alƙalai ba. Ƙa'idar ita ce a bar sunayen kwana goma sha huɗu, duk wanda ya san wani aibi na ɗaya daga cikinsu ya rubuta wa kwamitin zaɓe.

"Wai gaskiya ne abin da nake ji?" in ji Hajiya tana gyara zaman ƙafarta mai ciwo. "Matarka za ta ƙara gaba?"

"In Allah Ya yarda, Hajiya. Sunanta ya fito."

Yaya Babba, wansa mai sayar da tayoyi, yana kishingiɗe a doguwar kujera. Ya tashi zaune yana tafa hannu.

"Ji shi! In Allah Ya yarda! Sai washe baki yake kamar shi aka ba. Kai, ka san abin da ake kiranka a majalisa? Mijin Milod! Wallahi jiya sai da na bar wurin don kunya. Yanzu ma ke nan. Ina ga ta hau can, mota da jiniya, ɗan sanda a ƙofa? Kai kana bayan kanta kana miƙa maganin tari!"

"Haba Yaya..."

"Haba me? Ƙarya na yi?"

Hajiya ta sa gefen mayafi ta share ido. "Ni ban ƙi yarinyar nan ba, Allah Ya sani. Da na kwanta asibiti ita ta riƙa juya ni. Amma an ce wani gari za a kai ta, tafiyar awa huɗu. Yaran fa? Kai fa? Ni na haifi namiji ne don ya zama mai gadin gida?"

Dokta ya sunkuyar da kai. Hawayen Hajiya bai taɓa iya tsallake su ba. Sai dai a faɗi gaskiya, ba hawayen kaɗai ba ne. Tun ranar da sunan ya fito wani abu ke cizonsa a ƙirji, yana yi mata murna da baki, ciki kuma yana tambayar kansa: in ta yi nisa haka, za ta waiwayo ta ga mai shagon magani?

Yaya Babba ya matso, ya rage murya. "Ba a ce ka hana ta ba. Hana ta ma ka iya? Takarda ɗaya ce. Ba suna, ba sa hannu. Ka zauna da mace shekara goma sha shida, kar ka ce min ba ka san wani abu nata da duniya ba ta sani ba."

Ya sani kuwa. Shekara uku da suka wuce ta yanke wa wani matashi ɗaurin shekara ashirin, uwar yaron ta faɗi sumammiya a cikin kotu. Da ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba, ta zauna a ƙasan kicin ta kifa kai a ƙirjinsa, ta yi kuka har gaban rigarsa ya jiƙe. Da ta natsu ta ce, "Abban Ummi, kar ka faɗa wa kowa. In suka ji, cewa za su yi ai mace ce."

Ran Litinin da azahar ya shiga ɗan ɗakin bayan shago, inda katan-katan na ruwan ƙari suke jibge, ya kunna kwamfuta. Layi huɗu ya buga. Cewa ya yi wannan alƙaliya zuciyarta ba ta da ƙwari, har a ƙasan kicin take zama tana kuka bayan yanke hukunci, mai irin wannan rauni bai dace da babban benci ba. A ƙasa ya sa: Mai kishin shari'a. Yana liƙe ambulan yana lallashin kansa cewa ai kwamiti ba ya karɓar takardar da ba sa hannu. Haka ne, ba ya karɓa. Amma yana karantawa!

Ranar intabiyu ta fita da sassafe cikin fara'a, har tana tsokanarsa wai ya tanadi sabuwar hula don ranar rantsuwa. Da la'asar ta dawo. Ta ajiye jaka a kan tebur a hankali, ta zauna.

"Yaya aka yi, Milod?"

"Maza shida, kowanne an tambaye shi doka. Ni kuma minti ashirin ana tambaya ta hawaye."

"Hawaye kuma?"

"Wani dattijo a cikinsu ya ce sun samu labari ina zama a ƙasan kicin ina kuka in na yanke hukunci."

"Me... me kika ce?"

"Na ce ƙwarai na yi kuka. A kicin ɗina, bayan na sa hannu. Na ce hukuncin ya zo gabanku a ɗaukaka ƙara, ko waƙafi ba ku canza ba. Suka yi murmushi, suka ce na iya tafiya."

Dokta ya miƙe ya ɗaga hannu biyu. "Kai! Allah Ya isa ga duk wanda ya yi miki wannan! Allah Ya..."

"Bari, Abban Ummi." Ta dube shi, duban da ya ɗan daɗe. "Allah Ya isa tana da nauyi. Kar ka ɗauke ta."

Bayan mako biyu aka sanar da sunaye. Maza biyu.

Ba ta yi faɗa ba, ba ta yi yaji ba, ba ta canza masa fuska ba. Rigunansa a goge, abincinsa a kan lokaci, duk Asabar tana zuwa ta shafa wa Hajiya magani a ƙafa. Abu ɗaya ta ɗauke: labarin aiki. A da tun daga ƙofa take fara ba shi labarin lauyan da ya manta da fayil, da mai shaidar da ya rantse kuma ya tambayi me ake shari'a a kai, su yi ta dariya. Yanzu in ya ce, "Ya kotu?" sai ta ce, "Alhamdu lillahi." Shi ke nan. In ya ce Milod, sai ta amsa da "Na'am" irin wadda ake amsa wa magatakarda.

Dokta ya fara ramewa. Wando ya yi masa yawa, bel ya ƙara huda biyu. Mai sayar da magani, ga kanta cike, amma babu ƙwaya ɗaya ta ciwonsa. Sau uku yana tsayawa a ƙofar ɗaki da niyyar faɗa, sau uku yana ɓugewa da tambayar ina makullin mota. Yaya Babba kuwa sai dukan kafaɗarsa yake: "Ka gani? Gida ya zauna lafiya!"

Ana cikin haka maganar Auta ta taso. Auta ƙanwarsu ce, ita ce ta ƙarshe a ɗakin Hajiya. Aurenta ya mutu tana da ciki wata bakwai, tsohon mijin ya kai ƙara, ƙaramar kotu ta ba shi riƙon 'yarsu mai shekara biyar. Doka ta ba ta kwana talatin ta ɗaukaka ƙara. A cikin kwanakin nan naƙuda ta zo mata ba lokaci ba, aka yi mata tiyata, jaririn ya yi mako uku a kwalba, ɗinkinta kuma ya ruɓe aka sake buɗewa. Da ta iya miƙewa har lauya ya shigar da takarda, an makara da kwana tara. Babbar kotu ta ce lokaci ya wuce. Saura mataki ɗaya: kotun ɗaukaka ƙara, a roƙi a yafe kwana taran nan a saurare ta.

Dokta ne ya tuƙa ta, tafiyar awa huɗu. Bai taɓa shiga ginin ba sai ranar. Zaure ne mai tsawo, bencuna na katako sun sha hannu har suna ƙyalli, fanka biyu na juyawa a kasale. Can sama, bayan dogon tebur, manyan kujeru uku masu jan kushin. Aka buga ƙofa sau uku, kowa ya miƙe. Maza uku suka shigo. Na hagun Dokta ya gane shi daga hoton jarida, yana cikin biyun da aka zaɓa.

Lauyan Auta ya yi bayani, ya miƙa takardar asibiti. Na tsakiya ya ɗaga ta ya duba ta saman tabarau.

"Haihuwa ce dai ko?"

"Tiyata ce, ya mai shari'a, har sau biyu."

"To ba ta da waya ne? Bakinta aka ɗinke?"

Na dama ya jingina da kujera. "Ni fa iyalina ta haihu shida. Kowanne washegari tana kan ƙafarta."

Aka yi 'yar dariya a layin lauyoyi, irin dariyar da ake yi wa manya ko ba ta da daɗi. Auta na zaune kusa da Dokta, jariri a cinya, hannunta ɗaya dafe da mararta. Ba wanda ya tambayi kwana nawa ta yi ba ta san inda kanta yake ba. Ba wanda ya tambayi wa ke tsaye a bakin kwalba dare da rana. Minti goma sha biyu aka yi. Ba a nuna gamsasshen dalili ba, an kori roƙo.

A kan matakalar waje ta zauna daɓas.

"Yaya Dokta, shi ke nan? Sun raba ni da 'yata a kan kwana tara?" Ta kama hannun rigarsa tana girgizawa. "Wai babu mace ko ɗaya a can sama? Ko ɗaya da za ta ce musu cikin da aka yanka ba ya haɗewa a sati? Wayyo, da Anti matarka na nan! Allah Ya tsine wa wanda ya hana Anti hawa kujerar nan!"

Dokta ya ji kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Har suka iso gida sitiyari kawai ya riƙe, idonsa na zuba yana cewa iska ce.

Ya sauke Auta, ya wuce gida. Yamma ce, yara suna makarantar lesin. Ya same ta a teburin cin abinci, fayiloli a baje, biro a hannu. Ya zo gabanta ya zube a ƙasa.

"Ni ne."

Ba ta ɗago ba sai da ta ƙarasa layin da take rubutawa. Ta rufe biro.

"Na sani."

"Kin sani? Tun yaushe?"

"Tun da dattijon nan ya ce ƙasan kicin. Mutum nawa ne a kicin ɗin, Abban Ummi?"

"To me ya sa... wata takwas! Me ya sa ba ki zage ni ba? Ki mare ni mana! Ki tara min jama'a!"

"Aikina ne ya hana ni. Ba na yanke wa mutum hukunci sai na ji ta bakinsa. Wata takwas ina jiran ka buɗe baki." "Kujera ba ta dame ni kamar yadda kake zato ba. Abin da ya ƙona ni, wuri ɗaya gare ni a duniya da nake ajiye alƙalanci in zama mutum. Ka ɗauki wurin ka sa a ambulan."

Ya fashe da kuka kamar ƙaramin yaro. Ya ba ta labarin falon Hajiya, da gorin majalisa, da tsoron da ya ji na kada ta yi masa nisa. Ya ba ta labarin zauren nan da abin da aka yi wa Auta. "Da kina can da ba a raba ta da 'yarta ba. Ni na raba su!"

"Tsaya, kar ka ƙara wa laifinka abin da ba shi ba ne. Da ina can ma ba zan zauna a shari'ar Auta ba, ƙanwar mijina ce, doka ta hana. Amma alƙalai tare suke shan shayi, tare suke duba hukuncin juna. Wanda ya san gobe zai zauna kusa da macen da aka taɓa yanka cikinta, zai auna bakinsa kafin ya ce haihuwa ce dai. Kuma Auta nawa ce ke hawa matakalar nan a shekara? Su ka hana, ba ni ba."

"Yanke min hukunci. Ko me kika ce."

Ta dube shi. "Abu biyu. Ka rubuta wa kwamiti cewa kai ne, ka faɗi dalilinka na gaskiya. Wannan karon da sunanka, da sa hannunka. Sannan kafin ka aika, ka karanta ta a falon Hajiya, a gaban Auta."

"A gaban Auta?"

"Ita aka fi cuta."

Ran Asabar aka taru. Dokta ya tsaya a tsakiyar falo, takarda a hannunsa. Yana kai layi na biyu Yaya Babba ya fara laluben takalmi.

"Ni fa ina da kwastoma yana jira..."

"Zauna, Yaya Babba!" Auta ce ta daka tsawar, ita da ba ta taɓa ɗaga masa murya ba. "Wallahi ba inda za ka!"

Ya zauna. Dokta ya karanta har ƙarshe, bai ɓoye sunan kowa ba, bai kuma rage nasa ba.

"Ku ne?" in ji Auta a hankali. "Yayyena? Na zauna a kan matakala ina tsine wa mutum, ashe shi ya tuƙo ni?" Ta juya ga babban. "Kai kuma saboda 'yan majalisa? Masu zaman banza a gindin bishiya? To je ka ce su dawo min da 'yata!"

Hajiya kuwa ta dafa sanda ta miƙe da ƙyar, ta nufi surukarta.

"'Yar nan, da bakina aka fara. Na ce ina kare gidan ɗana, ashe ɗakin 'yata nake rushewa. Ki yafe min."

Alƙaliya ta yi maza ta durƙusa ta riƙe ƙafafunta. "Haba Hajiya, kar ki sa ni kunya. Ki zauna, ƙafarki."

"Ba zan zauna ba sai kin ce kin yafe."

"Na yafe, Hajiya. Duniya da lahira."

Auta ta yi wata huɗu ba ta gaida Dokta. Ya jure, don ya san ya ci fiye da haka. Duk hutun makaranta shi ke zuwa gidan tsohon mijin, ya sha zaman jira a waje da baƙar magana, ya ɗauko yarinyar ta yi mako biyu wurin uwarta. Iyakar abin da aka samu ke nan, har yau. Wata ɓarnar ba ta gyaruwa duka.

Bayan shekara ɗaya da rabi wani alƙali ya yi ritaya, aka sake neman sunaye. Ta ce ba za ta nema ba, ta gaji da tsayawa gaban dattawa. Hajiya ce ta aika a kira ta.

"Ki nema. Yaran suna da kaka, suna da uba. In kuma wani ya ce tak, ki turo min shi!"

Ta nema. A intabiyu dattijon nan ya ɗago takardar da Dokta ya sa wa hannu, ya ce a shekara talatin bai taɓa ganin mutum ya kai ƙarar kansa ba. Daga nan aka shiga tambayar doka, awa ɗaya cur, ta amsa har suka ƙare tambaya.

Ranar rantsuwa, a ɗan ɗakin da ke bayan zaure, ta tsaya gaban madubi tana ƙoƙarin ɗaura farin wuyan rigar, yatsunta sun ƙi tsayawa. Dokta ya matso ya karɓa.

"Kai ma ai hannunka rawa yake," ta ce.

"Hannun mai laifi ne."

"An sallame ka tuntuni. Sai dai kotu ta ce in ka ƙara..."

"Ba zan ƙara ba!"

Ta yi dariya, irin wadda ya yi shekara biyu bai ji ba. "Ɗaura da kyau, malam, ana jira na."

Aka buga ƙofa sau uku, zaure ya miƙe. Maza biyu suka shigo, sai ita. A benci na baya wata tsohuwa da ta zo tata shari'ar ta dafa ta kusa da ita ta ce, "Ke, duba! Tamu ce!"

Haƙurinta ya kai ta inda aka so hana ta, ya kuma dawo mata da mijinta yana mutum. Amma kar wani ya fake da haƙurin mata ya ci gaba da ɓarna. Ga talaka kotun sama ita ce magana ta ƙarshe, daga ita ba sauran inda zai kai kuka, kuma rabin masu hawa matakalarta mata ne. In babu mace a kan benci, akwai tambayar da ba za a taɓa yi ba, akwai dariyar da ba za a taɓa hanawa ba. Masu hana su hawa kuma ba daga sama suke faɗowa ba. Miji ne, wa ne, wani lokaci uwa ce, kowanne yana rantsuwa don gida ya yi.

Kai mai karatu, ka shiga kotu mafi girma da ke kusa da kai ka duba benci, ka ga mata nawa ne. Sannan ka dawo cikin danginku ka tuna wadda ta fi kowa ƙwaƙwalwa a gidan, ka tambayi kanka inda ta tsaya, da wanda ya tsayar da ita, da abin da kai ka ce a ranar. In ka gama, ɗago kai ka ce ƙarya ne. Bismillah, faɗi mana!